Hayaƙin Tsohuwa na Ƙarshe

Hamilton, Maris 1994

Zuwa ga Inna Dolena,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ni ce Renata, 'yar Effie, wadda kuka haɗa kaka da ita. Ban sani ba ko za ki tuna ni. Ina shekara bakwai muka bar Port Lachlan, abin da kawai na riƙe game da ke shi ne kin taɓa cire min ƙayar kifi a maƙogwaro da ɓawon burodi. Ni lafiyata ƙalau, ina aikin jinya a wani asibiti a nan, sai dai gajiya.

Babana, Tadek Zielak, ya rasu a watan jiya. Ciwon zuciya ne, bai sha wahala ba. An ƙone gawar kamar yadda ya nema, tokar tana wurina cikin wani ɗan akwati. Daga gidan da yake haya nake rubuto miki, ina kwashe kayansa da kaɗan-kaɗan in na taso daga aiki.

Abu ɗaya ya roƙe ni, kuma ya sha maimaita shi: a kai shi inda ya kai tokar Mama shekara goma sha biyar da suka wuce. Ban je ba a lokacin, ina da tsohon ciki, don haka ban san wurin ba sai a bakinsa. Ya ce a fita daga tashar jiragen ruwa har sai an ga bututun masana'antar ƙarfe ya hau kan gicciyen cocin da ke tudu. A riƙe wannan layi ana tafiya har farar hasumiyar fitila ta taɓa ƙarshen gadar kwal, inda ake yi wa jirage lodi. Inda layukan biyu suka haɗu, nan Mama take. Ya ce wani masunci, Cyril Pothier, shi ya kai shi a jirginsa.

Abin da ya sa na yi saurin rubutowa, a wurin jana'iza wani dattijo ɗan garinku ya ce min bana za a rushe bututun. In gaskiya ne, zan nemi hutu a Mayu in zo, ko da yake ba su cika bayarwa ba. Ban sami lambar wayarki a littafin Baba ba, sai adireshi.

Taki,
Renata


Port Lachlan, Afrilu 1994

'Yata Renata,

Takardarki ta iso. Ina miki gaisuwar rashi, Allah ya jiƙan Tadek, ya ba ki haƙuri. Mutum ne mai shiru, amma in ya tashi dariya har layi na uku ana jin sa. Na tuna ki sarai, kuma babu wata ƙaya a maƙogwaronki, rigima ce kawai kike ji, na ba ki burodi don ki rufe mana baki. Ni dai ga ni nan. Gwiwa ta ƙi, kunne kuwa tun ina aiki a sashen ƙusa na masana'anta ya tafi abinsa, shi ya sa na ce su zo su cire wayarsu. Rabin garin nan kurame ne, kowa da ihu yake hira, baƙo in ya shigo sai ya ɗauka faɗa ake yi.

A nan ba mai cewa bututu. Tsohuwa muke ce mata, don tun kafin a haife ni take tsaye tana zuƙar tabarta a kanmu. Ranar wanki ba macen da za ta yi shanya ba ta leƙa ta ba. In hayaƙi ya karkata arewa, matan Tudun Coci ne za su sha baƙi, mu mu baza kayanmu. In ya karkata teku, kowa ya huta. In kuwa babu iska ya miƙe tsaye cak, to kunkunniyar a kanmu take sauka, mu 'yan Layin Ƙasa da ke gindinta. A layin nan uwarki ta girma, kuma shi ya cinye mata ƙirji. Duk Lahadi Tadek kan ari kwale-kwale ya tuƙa ta can waje inda baƙin ba ya kaiwa, ta zauna ta yi ta numfashi har rana ta yi sanyi. Wurin da kike tambaya ke nan. Ko kifin kirki babu a can, ruwa ne kawai.

Maganar rushewa kuwa, shekara sha ɗaya ke nan da rufe masana'anta, kuma duk shekara in ƙanƙara ta fara narkewa sai a kafa allo a ƙofa wai bana za a rushe ta. Allon farko ma ya ruɓe, an yi sabo. Duk da haka na ja gwiwata har gadar da jirage ke tsayawa, na sami Cyril yana fentin jirginsa, na karanta masa takardarki.

"Wa ya gaya mata?" in ji shi.

"Wani ɗan garinmu da ke Hamilton."

"To shi ya sa. Mutum yana barin garin nan sai ya fara yarda da allo."

Na tambaye shi ko ya taɓa ajiye wurin a na'ura, irin wadda yaran yanzu ke sa wa jiragensu. Ya dube ni kamar na ce ya rubuta sunan matarsa kada ya manta.

"Abin da nake hange daga tagar banɗakina zan ajiye a na'ura? Dolena, ki ce wa yarinyar nan ni da Tsohuwa ba a san wanda zai riga wani faɗuwa ba, kuma ni na fi ta tari."

Saboda haka kada ki wahalar da kanki da zuwan Mayu. Har yanzu bakin tasha cike yake da ƙanƙara, ɗakin baƙina kuma cike da tarkacen marigayi mijina Lauchie, ko inda mutum zai sa ƙafa babu. Ba wata gaggawa. Tadek ya jira shekara sha biyar, 'yan watanni ba za su dame shi ba.

Innarki,
Dolena MacAskill


Hamilton, Mayu 1994

Inna Dolena,

Bayan gaisuwa, ina fatan gwiwar ta yi sauƙi. Ni lafiya.

Na gode da amsarki, kuma na gane. Ban yi niyyar ɗora miki nauyi ba. Na san sama da shekara talatin ba ki ji daga gare ni ba, sai ga ni da buƙata. Na mayar da hutuna Satumba, wata abokiyar aikina ta karɓi na Mayu. Zan sauka a otal, kuma zan nemi Malam Cyril da kaina, ba sai kin sake taka gwiwarki har gada ba.

Ban san labarin Lahadin nan ba, Baba bai taɓa faɗa min ba. Na gode da kika gaya min. Na kusa gama kwashe gidan.

Renata


Port Lachlan, Yuni 1994

'Yata Renata,

Da fatan kina lafiya, da aiki da yara. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, zafin da aka fara ya ɗan lallashe ta.

Wane otal? Otal ɗaya ne a garin nan, kusa da inda gidan sinima yake a da, kuma yanzu darduma ake sayarwa a cikinsa. Kuma me kika gane? Na karanta takardarki na juya bayanta ko akwai saura, babu. Da na ce ɗaki cike yake, nufina a ba ni lokaci in kwashe. Ga shi na kwashe. Ragar kamun kifin Lauchie na ba Cyril, takalman aikinsa na kai coci, na wanke farin zanin gadon aurena na ninke miki. Uwarki ma haka take, a ce mata miya ta yi zafi sai ta ji an ce ba ta iya girki ba.

Sai wani labari. Wasu baƙi sun sauka a garin da huluna rawaya da manyan motoci, sun zagaye Tsohuwa da shingen waya, suna ta huda gindinta. Sun taɓa zuwa shekaru biyar da suka wuce, suka auna ta, suka ci kifi da dankali a shagon kan kwana, suka tafi. Amma wancan karon ba su huda komai ba.

Maƙwabciyata Vesta Braithwaite ta je ta tsaya a bakin wayar da jakar cefanenta. Vesta ta binne miji da ƙane saboda hayaƙin nan, kuma ban san mahaluƙin da take zagi a duniya kamar Tsohuwa ba. Ta kira ɗaya daga cikinsu.

"Kai ɗan nan, da gaske kuke ko yawon shan iska ne?"

"Da gaske muke, Mama."

"Haka na wancan karon ya ce, kuma ya fi ka gemu."

Ta dawo tana dariya, amma na lura ba ta shanye shayinta ba. Cyril dai har yanzu cewa yake hudawa daban, rushewa daban. Ni ma ban ce za a yi ba. Sai dai in akwai yadda za ki yi ki matso da zuwanki, ki matso.

Innarki,
Dolena


Port Lachlan, Yuli 1994

Renata,

Lafiya dai ko? Shiru, ba amsa.

An tsayar da rana, Asabar ta biyu a Agusta. Sun kawo nakiya, an bi gida-gida an ce 'yan Layin Ƙasa mu rufe tagogi mu hau tudu ranar. Vesta ta nemo lambar Tadek ta buga, an ce an yanke layin. Sunan mijinki ba mu sani ba, asibitinki ba mu sani ba, Renata kawai kike sa hannu. Ki bar duk abin da kike yi ki zo.

Dolena


Port Lachlan, Agusta 1994

'Yata Renata,

Ina gaishe ki, da fatan lafiya ce ta sa shirun nan. Mu nan lafiya, sai ƙura a kan komai.

An rushe ta. Na ce miki ba za a yi ba, kin ji maganata kin ɗaga tafiyarki, kuma an yi. Gara in faɗa miki haka tun a layin farko.

Sai ana saura sati Cyril ya yarda. Ya ɗaure dutse da igiya da jan tulun roba, ya ce zai fita ya jefa a wurin ko don alama. A ranar hazo ya sauka, irin na Agusta wanda ko ƙofar maƙwabci ba a gani. Kullum da safe ya fita, kullum ya dawo da dutsensa, don ba coci ba Tsohuwa ba fitila.

Ranar Asabar garin duka ya hau Tudun Coci da kujerun ninkewa da fulas ɗin shayi, sai ka ce wasan ƙwallo. Wajen hantsi hazo ya yage. Aka busa jiniya, in ji su, ni ban ji ba. Ƙarar ma ban ji ba, a gwiwa na ji ta. Ta ɗan durƙusa tukuna kamar mai neman wurin zama, sannan ta kwanta ta wajen tsohon filin gawayi, jar ƙura ta tashi ta rufe. Samari suka tafa. Vesta ta ce, "Allah ya ƙara," da ƙarfi yadda har ni na ji, ta ninke kujerarta, sannan ta kasa gangarowa sai da na riƙe ta.

Cyril bai hau tudu ba. Yana ganin hazo ya fara yagewa ya tada inji ya fita da dutsensa. Ya ce min yana tafe yana kallonta tana matsowa kusa da gicciye, saura kaɗan ta hau, sai ya ga babu ita. Ya kashe inji ya zauna a nan har yamma.

Fitila da gadar kwal suna nan, amma layi ɗaya ne, kuma ya miƙe har inda ido ya ƙare. Ɗan ƙanensa ya ja ɗaya layin a taswira, sun fita sun gwada. Cyril ya ce zai iya zama nan, zai iya zama can gaba, shi dai ba zai rantse ba, kuma ba zai zuba Tadek a inda ba zai iya rantsewa ba.

Jiya na fita shanya na ɗaga kai in leƙa ta. Abin ya dame ni fiye da yadda na zata.

Innarki,
Dolena


Hamilton, ƙarshen Agusta 1994

Inna Dolena,

Ina gaishe ki. Lafiyata ƙalau, yara ma haka.

Takardunki uku yau suka iso, a cikin ambulan ɗaya. Gidan Baba kike aikawa, ni kuwa tun Mayu na mayar da makulli, mai gidan ya tara su sai da ya ga dama. Na karanta su a jere a tsaye a bakin ƙofa. A ta farko an kwashe min ɗaki, a ta uku an rushe bututu.

Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye miki ba. A Mayu hutuna yana hannuna. Amma da na sake ɗauko takardarki ta Afrilu, sai na ga ba inda kika ce kada in zo gidanki, ni na karanta haka. Da ban ji haushi ba da na ba ki adireshina na gaske tun lokacin. Ga shi a bayan ambulan, da lambar waya ko Inna Vesta za ta buƙata.

Akwatin yana kan firij, don nan ne yara ba sa kaiwa. Duk safiya in zan ɗauko madara sai mun haɗa ido. Mijina ya ce a binne shi a maƙabartar nan kusa, mu riƙa kai masa fure. Wataƙila shi ya fi. Amma abu ɗaya mutumin nan ya roƙe ni a rayuwarsa, Inna. Hutun Satumba yana nan, ban san abin da zan yi da shi ba.

Taki,
Renata


Port Lachlan, Satumba 1994

'Yata Renata,

Alhamdu lillahi da aka ji ki. Fushinki ya iso lafiya, kuma yana kan hanya, na karɓa. Gwiwa da sauƙi.

Ki sauke mutumin nan daga kan firij ki taho da shi. Na karanta wa Vesta takardarki a ɗakin girkinta, Cyril yana zaune yana cinye mata biskit. Ina gamawa ta juya gare shi.

"Kai, tubalin kake buƙata ko dai abin da zai tsaya a bayan gicciye?"

"Abin da zai tsaya, mana. Za ki gina wata ne?"

"Gindinta ai yana nan, ba su kwashe ba. In aka hura wuta a ciki ranar da babu iska, ina hayaƙin zai je?"

Cyril ya ajiye biskit. Ya ce iska ba ta taɓa barin bakin tekun nan ba.

"Kai da ba ka taɓa wanke ko safarka ba, kai za ka gaya min iska? Shekara arba'in ina kwashe shanya saboda safiyar da ba ta motsi. A watan nan ake samun ta, da sassafe, in dare ya yi sanyi sama ta yi wasai, kafin ruwan teku ya fara janyewa daga gaɓa. Ba ta daɗewa."

Gindin nata da'ira ce ta tubali, ta kai faɗin falona da ɗakin girki a haɗe. Maigadin wurin mijin 'yar Vesta ne, ya ce shi dai da safe idonsa ba ya gani sosai. Tsofaffin ma'aikata sun fara tara katakon tsohon layin dogo da ya sha kwalta, mata suna jan jiƙaƙƙiyar ciyawar teku daga gaɓa, don ita ce ke sa hayaƙi ya yi kauri. Ba wanda aka roƙa. Tun da aka rushe ta ba su da abin kallo.

Ban ce miki zai yiwu ba, na daina cewa komai zai yiwu ko ba zai yiwu ba. Ki zo da rigar sanyi da haƙurin jira. In kin sauka daga bas ki bi ta inda gidan burodi yake a da, ki karya dama a inda aka sare babbar bishiya. In kin ɓata ki tambayi kowa.

Innarki,
Dolena


Hamilton, Oktoba 1994

Inna,

Na iso gida lafiya, na sami yara lafiya. Yaya gwiwa bayan wahalar da muka ba ta? Ki gaishe min da Inna Vesta da Malam Cyril.

Ba mu yi sallamar kirki ba. Safiyar da muke jira sai da ta bari ranar tafiyata ta zo, daga jirgi kuma sai gudu zuwa tashar bas, na hango ki kawai a bakin waya fuska baƙi ƙirin kina ɗaga min hannu. Tunda ke kina kan tudu ni ina ruwa, bari in ba ki rabina.

Mun fita gari bai gama wayewa ba, teku kwance kamar madara a kwano. Akwatin yana kan cinyata. Malam Cyril bayansa ga teku, idonsa a gari. Na ga gidajenku jere, na ga gadar kwal da tsatsarta, na ga coci, bayan coci kuwa sarari fayau. Na ce a raina ba za a yi ba. Can sai wani baƙin zare ya fito daga bayan rufin gidaje, ya yi ta hawa yana kauri, bai karkata ko'ina ba.

"Ga 'yar banza," in ji Malam Cyril. "Ko mutuwa ba ta hana ta shan taba ba."

Ya juya jirgi a hankali har hayaƙin ya zo ya tsaya a kan gicciye, ya riƙe shi a nan muna tafiya. Ya ce ni in sa ido a fitila. Na ga ta matso, ta matso, ta taɓa ƙarshen gada. Ya kashe inji, ya cire hularsa, ya ce, "Yanzu, 'yata." Na zuba. Na yi niyyar yin addu'a da yaren su Baba, amma na manta ta, sai na ce, "Mama, ga shi nan." Na yi kuka sosai, Malam Cyril ya yi ta gyara wata igiya da ba abin da ya same ta.

Ga abin da ke hana ni sukuni. Da muka juyo na sake duba hayaƙin, sai na ga kamar kansa ya karkata arewa. Ban sani ba ko bayan na zuba ne ya karkata, ko tun farko haka yake idona ne bai lura ba. Na tambayi Malam Cyril, ya ce daidai ne, amma na san ko ba daidai ba haka zai ce min, kuma idonsa ba na yaro ba ne. In a karkace yake, to na ajiye Baba nesa da ita, kuma ba a kwasowa. Ke kina gindinsa. Ki gaya min gaskiya, na san ba kya sa wa magana sukari.

Taki,
Renata


Port Lachlan, Oktoba 1994

'Yata Renata,

Madalla da kin isa lafiya. Gwiwa ta yi kwana biyu ba ta magana da ni, yanzu mun shirya. Vesta tana amsawa, girarta ɗaya ta ƙone amma ta ce dama ba ta amfani da ita.

Ga nawa rabin. Kuna fita muka shiga ta inda maigadi bai gani ba. Tsofaffin nan da ko matakalar coci ba sa iya hawa, sai ga su suna jifa da katako kamar an dawo da su aikin safe. Wutar ta ƙi kamawa da farko, kowa yana koya wa kowa, har Vesta ta ture su ta hura da kanta. Da ta kama muka yi ta lafta ciyawar teku. Warin nan, Renata. Shekara sha ɗaya ban ji shi ba, amma hancina bai yi ko mamaki ba.

'Yan kwana-kwana sun zo da motarsu. Dukansu 'ya'yan masana'anta ne. Babbansu ya sauko ya ce, "Inna Vesta, wa ya ba ku izni?" Ta ce, "Ubanka, da yana raye, shi zai riƙe min ashana." Ya duba sama, ya ce wa yaransa su warware tiyo a hankali kada ya karye. Har kuka gama suna warwarewa.

Daga inda nake tsaye ina ganin bayan gidaje har Tudun Coci. Litinin ce, kowa ya yi shanya tun asuba. Hayaƙin yana tashi sai na ga ƙofofi suna buɗewa, mata suna fitowa da kwanduna a guje suna fizge kaya daga igiya, har da waɗanda suka san da shirin, har da yaran matan da ba su taɓa ganin ta tana hayaƙi ba sai a bakin iyayensu. Kafin a ce me, babu ko ƙyalle a igiya a Layin Ƙasa, sai a gida ɗaya, nawa. Kina fita na cire zanin gadonki da rigar matashi na wanke na shanya, don ba na son ɗakin da baƙo ya bari, sannan na tafi wajen wuta na manta da su. 'Yan Tudun Coci kuwa rabi sun kwashe, rabi sun tsaya suna kallon ta inda zai karkata, kamar yadda suka saba.

Kin ce in gaya miki gaskiya. Daga gindi ba a gane tsayuwar hayaƙi, ido yana ruwa, wuya yana ciwo, don haka abin da idona ya gani ba zan ba ki shi a matsayin shaida ba. Kansa ya karkata, haka ne, amma sai da ruwa ya fara janyewa, lokacin har mun hango jirginku ya juyo.

Bayan bas ɗinki ya tashi na bi ta Tudun Coci na duba igiyoyin waɗanda ba su kwashe ba. Fari tas, ko ɗigo babu. Na gangaro gida na sami zanin gadon aurena kamar an barbaɗa masa barkono baƙi daga wannan baki zuwa wancan. Na gaya miki tun a Afrilu, kunkunniya ba ta sauka a Layin Ƙasa sai ranar da hayaƙi ya miƙe tsaye cak, kuma a shekarun da na yi a gidan nan bai taɓa saɓawa ba.

Na yanko miki gefen rigar matashin, ga shi cikin ambulan. Kada ki wanke, dama ba ya fita. Tadek yana wurin Effie.

Ɗakin yana nan a kwashe. In za ki zo da yara, ki zo a Yuli, kuma wannan karon ba sai kin karanta komai a bayan magana ba, cewa na yi ki zo.

Innarki,
Dolena